Babi na Shida: Katanga da Agogo

A watan Nuwamban 2010, a birnin Shikago na Amurka, ƙungiyar Rocky Mountain Rollergirls ta Denver ta ɗauki kofin zakarun rola dabi da maki 147, ta bar Oly Rollers da 146. Awa guda cur mata suna gwabzawa a kan takalmin taya, maki ɗaya tak ya raba gardama. A 2014 Gotham ta New York ta sha da ƙyar a hannun Rose City ta Portland, 147 da 144. Rose City ta rama a 2015 da 206 da 195, ta kuma maimaita a 2016 da 188 da 186. Duk wanda ya ɗauki biro zai ba da labarin wasa irin wannan, tambaya ɗaya ce ke jiransa: daga ina wannan 'yar tazara ta fito? Amsar da ke fara zuwa baki ita ce turmin ƙarshe, lokacin da gwanar ƙungiya ta kutsa, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna ihu. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ta bar mutum huɗu cikin biyar a waje, alhali galibi a hannun waɗannan huɗun wasan yake.

Bari mu fara da abin da ido ke gani. Fagen doguwar da'ira ce da aka shata a kan daɓe mai santsi, faɗin hanyar tsakanin ƙafa 13 zuwa 15. Ana zagaya ta ta hannun hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo. Wasa minti 60 ne, an raba shi gida biyu, kowane rabi kuma an yayyanka shi turmi-turmi. Turmi ba ya wuce minti 2, kuma daƙiƙa 30 ce kawai tsakaninsa da na gaba, ta sauya 'yan wasa. Kowace ƙungiya tana shigo da mutum biyar. Ɗaya tana da tauraro a jikin marufin hular kwanonta, ita kaɗai ce ke cin maki. Sauran huɗun masu tare hanya ne, ɗaya daga cikinsu da zane guda a tsakiyar hula, za mu zo kanta a gaba. Masu tauraro biyu suna tashi daga baya, masu tarewa takwas na ƙungiyoyin biyu suna gabansu a cakuɗe. Da an busa usur, kowace mai tauraro sai ta san yadda ta ratsa wannan cunkoso. Ratsawar farko ba ta da maki. Sai ta zagayo ta sake cim musu, sannan duk 'yar hamayyar da ta wuce, ƙugu ya gota ƙugu, maki ɗaya ne. Huɗu ke nan a kowace ratsawa.

Wanda ya yi langa yana yaro ba zai sha wahalar gane wannan ba. Akwai ruwa da ake so ya kai ga sha, akwai dawakin da ke buɗe masa hanya suna kuma kayar da mutanen ɗaya ɓangaren. Bambancin shi ne a nan ruwa biyu ne ke gudu a lokaci guda, a hanya guda, saboda haka kowace mai tarewa tana da aiki biyu a wuyanta cikin daƙiƙa ɗaya: ta hana ta wasu wucewa, ta buɗe wa tata ƙofa.

Karo halal ne, amma yana da iyaka. Ana bugu da kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu, da cinya. Ba a bugu da kai, ko gwiwar hannu, ko tafin hannu. Ba a bugun mutum a gadon baya, ko a kai, ko ƙasa da tsakiyar cinya. Ba a kuma bugu ana komawa da baya, saɓanin inda wasa ya nufa. Wadda ta karya doka za ta yi zaman daƙiƙa 30 a kujerar horo, idan laifinta ya kai bakwai ta bar wasan ke nan.

Asalin wasan ba haka yake ba. A watan Agustan 1935 wani mai shirya nishaɗi, Leo Seltzer, ya tara 'yan tsere bibbiyu, mace da namiji, a babban zauren Coliseum na Shikago, suna zagaye kwana da kwanaki har su cike nisan da ke tsakanin gabar gabas da gabar yammacin Amurka. Tseren juriya ne zalla. Sai aka lura ihun 'yan kallo ya fi tashi idan an yi karo, marubucin wasanni Damon Runyon kuma ya ba Seltzer shawarar ya shigar da karon cikin doka. Daga nan aka samu ƙungiya biyu masu mutum biyar-biyar da makin wucewa. Talabijin ta ɗauke shi a 1948, ya yi tashe, har sama da mutum 50,000 suka cika filin Comiskey na Shikago a 1972 don kallonsa. Shekara guda bayan haka ɗan Seltzer, Jerry, ya rufe kamfanin, abin da ya saura a talabijin kuma ya koma faɗan da aka shirya da sakamakon da aka tsara tun kafin a fara. Mata ne a Austin ta jihar Teksas suka tono shi a farkon shekarun 2000. A 2003 wasu daga cikinsu suka kafa Texas Rollergirls, suka sauko da wasan daga fagen katako mai gangare, mai cin kuɗi, zuwa shimfiɗaɗɗen daɓe da kowa zai iya shatawa da igiya da salatif. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar da aka kafa a 2004, wadda ta ɗauki sunan WFTDA a 2005, ita ke rubuta dokokin da yawancin duniya ke bi, kuma ƙungiyoyin 'yan wasan ne da kansu ke jefa ƙuri'a a kansu. Saukowar nan daga gangare ta shafi dabara kai tsaye. A fage mai gangare, gangaren kansa yana ingiza mutum ya yi gudu. A shimfiɗaɗɗe kuwa ana iya rage tafiya har a kusa tsayawa cak, kuma daga wannan damar ce hikimar wasan na yau ta tsiro.

Abu na farko da ake kokawa a kansa a kowane turmi shi ne ragama. Mai tauraron da ta fara fita daga cunkoso ba tare da ta karya doka ba ita ce mai ragama. Alƙalin da ke bin ta zai busa usur gajere sau biyu, ya nuna ta da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan sama, ya ci gaba da zagaye da ita a haka daga cikin da'ira. Ragama ba maki ba ce. Iko ne na tsayar da turmi duk sa'ad da ta ga dama, ta bubbuga ƙugunta da hannu biyu, alƙali ya busa sau huɗu, shi ke nan. A ce ta riga takwararta fita da 'yan daƙiƙoƙi. Ta zagayo, ta ci huɗu, ta bubbuga ƙugu kafin waccan ta iso bayan cunkoso, an tashi 4 da 0. Da ta yi kwaɗayin ratsawa ta biyu, mai yiwuwa ta kai 8, amma waccan ma ta samu 4. Tazarar dai huɗun ce, ga gajiya a banza, ga kasadar yin laifi. Shi ya sa za ka ga mai ragama tana fita daga cunkoso ta waiga wajen bencin ƙungiyarta. Kocinta take kallo, domin shi ke ganin inda takwararta take, shi zai yi mata alamar ta tsayar ko ta ci gaba. Wasa guda yakan ƙunshi turmi 40 ko fiye, kuma ƙungiyar da ke tara huɗu-huɗu tana hana abokiyar karawarta ko ɗaya ta fi zama abin tsoro a kan mai jiran turmi guda na ban mamaki.

To, wa ke ba da ragamar? Katangar da ta riƙe mai tauraron wasu na tsawon waɗancan 'yan daƙiƙoƙi. A nan ne ya kamata mai rubutu ya kafa idonsa, kuma a nan ne dokar da ta fi kowace nauyi take, wadda sabon ɗan kallo ba ya ganinta sam.

Dokar gungu ke nan. Gungu shi ne rukuni mafi yawa na masu tarewa da ke tsaye a kan ƙafafunsu, a cikin fage, da 'yan ƙungiyoyin biyu a ciki, kuma babu wadda ta nisanci ta kusa da ita da fiye da ƙafa 10. Tare hanya yana halatta ne kawai a cikin gungun, da ƙafa 20 gabansa, da ƙafa 20 bayansa. Wadda ta wuce nan, alƙali zai daka mata tsawa, dole ta saki wadda ta riƙe ta komo. Idan kuwa ƙungiyoyin biyu suka rabu, kowacce ta yi nata rukunin, babu gungu ke nan, babu mai ikon tare kowa, masu tauraro su wuce salin-alin. Wadda ta wargaza gungu da gangan kuma kujerar horo ce makomarta. A duba abin da wannan ke nufi: ba ki da ikon tsaron gidanki sai abokiyar gabarki tana kusa da ke. Kowace ƙungiya tana bukatar ɗayar, kuma wadda ta iya juya wannan bukata ita ke yanke saurin wasan da wurin da za a yi shi.

Hanya mafi sauƙi ta yin haka ita ce abin da 'yan wasa ke kira kamun akuya. Ku huɗu ku datse 'yar hamayya guda a bayan katangarku, ku hana ta wucewa. Ku biyar ɗin nan kun zama gungu, domin kun fi yawa kuma akwai ƙungiya biyu a cikinku. 'Yan uwanta uku da suka yi gaba ba su da ikon nisantar ku da fiye da ƙafa 20. In kun rage tafiya, dole su rage. Mai tauraronku ta samu cunkoso mai tafiyar hawainiya, wanda za ta cim masa da wuri ta kuma sake cim masa.

Ita kanta katangar ta sha sauyi. Da farko mutum huɗu ne ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, ƙugu manne da ƙugu, sun ba mai tauraro baya. Tun da doka ta hana bugun gadon baya, abin da ya rage mata shi ne tsagar da ke tsakanin mutum biyu, ko ɗan siririn wurin da ke bakin layi. Daga baya aka gano cewa katanga ta fi ƙarfi idan tana da madogara. Sai ɗaya ta juya, ta fuskanci 'yan uwanta tana tafiya da baya, hannayenta a kafaɗunsu. Ita ce birkinsu, ita ce kuma idonsu, domin ita kaɗai ke kallon mai tauraro ido da ido, tana ta kira, ciki, waje, tsakiya. Biyu a jere da madogara guda sun wadatar ga ƙungiyar da ta ƙware, ta huɗun kuma ta samu sukunin zuwa ta fasa katangar wasu. Tsayawar ma fasaha ce. Za ka ga sun buɗe ƙafa, sun karkatar da kan takalmi ciki, sun durƙusa kamar za su zauna, tayoyi suna ƙara a kan daɓe. Mai tauraro tana tura su da dukkan ƙarfinta, su kuma suna ba ta taku ɗaya a inda take neman goma.

Mu ɗauki turmi guda mu kalle shi daga kusa, masu jar riga da masu baƙa. An yi kiran saura daƙiƙa biyar. Katangu biyu sun ja baya har sun kusa taka layin da masu tauraro ke tashi, don kada a ba su filin ɗaukar gudu. Usur. Mai tauraron ja ta soka kafaɗa a tsagar tsakiya, tsagar ta rufe. Ta ɗaga diddige ta hau kan robar birkin da ke gaban takalminta, ta yi taku uku da sauri zuwa layin waje. Mai tarewar baƙi da ke gefen ta bi ta, ta sa mata ƙugu, ta fitar da ita daga fage. Ɗan kallo zai ɗauka aikin ya ƙare da bugun, alhali yanzu ya fara. Doka ta ce wadda aka fitar ba za ta komo a gaban wadda ta fitar da ita ba, in ta yi haka ta yanke hanya, laifi ne. Saboda haka mai bugun sai ta juya da gudu ta koma baya, ƙafa goma, ƙafa goma sha biyar, mai tauraron ja tana bin ta ta wajen layi tana neman inda za ta shigo. Kafin ta shigo, katangar baƙi ta sake ginuwa a gabanta kamar ba a taɓa ta ba. A can gefen ciki kuwa, ta huɗun baƙi ta riga ta sa kafaɗa ta ture madogarar katangar ja, ƙofa ta buɗe na ƙiftawar ido, mai tauraron baƙi ta bi ta nan ta fice. Usur biyu, ragama. A takardar maki sunanta kaɗai za a gani da 4 a gabansa. Amma wadda ta yi bugun nan ta ja da baya, da wadda ta ture madogara, su suka ci turmin.

Inda lissafi ya fi tsananta shi ne idan aka kai mai tauraron ƙungiya guda kujerar horo. Ɗaya ƙungiyar ta samu daƙiƙa 30 na cin maki ita kaɗai, babu mai rama mata. Masu tsaro suna so gungu ya yi gudu, don mai tauraro ta daɗe ba ta cim masa ba. Masu hari suna so ya tsaya. Wata dabara da ta yi tashe, ta kuma jawo ce-ce-ku-ce, ita ce masu hari huɗu su tsaya a baya, su ƙi taɓa kowa, su bar mai tauraronsu tana tura katangar wasu gaba ita kaɗai. Da katangar ta nisance su da fiye da ƙafa 10, gungu ya watse, dole a sake ta. Maganin da masu tsaro suka samo shi ne gada. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya a tsakani, ba ta nisanci masu hari da fiye da ƙafa 10 ba, gungu ya ci gaba da wanzuwa, 'yan uwanta suka samu ƙarin ƙafa 20 a gabanta. In an sake tura su, wata ma ta tsaya, gadar ta ƙara tsawo. Sai dai kowace gada mutum guda ce da aka cire daga katanga. Huɗu ta koma uku, uku ta koma biyu, kuma wadda ke tsaye a matsayin gada sai ta auna ƙafa 10 da ido, tana kan taya, ana ihu, ba tare da ta yi kuskuren taku ɗaya ba. Ban san wani aiki a wasan da ya kai wannan bukatar nutsuwa ba, kuma da wuya ka ga an ambaci mai yin sa a rahoto.

Zaman kujerar horo yana da wata hasarar da ba a gani. Mai tarewar da ke zaune ba ta tsira da makinta ba. Da mai tauraro ta wuce 'yar hamayya ta farko a ratsawar maki, an ba ta makin wadda ke zaune har da shi. Ƙungiya ta yi rashin jiki guda a katanga, ta kuma biya kuɗinsa.

Mai zane a hula, da muka ajiye a baya, ita ce mafitar ranar ƙunci. Idan katanga ta shaƙe mai tauraro ta kasa fita, tana iya cire marufin tauraron ta miƙa wa mai zane hannu da hannu. Daga nan mai zane ta zama mai cin maki har turmin ya ƙare. Ba za ta samu ragama ba, amma fitarta kaɗai takan tilasta wa mai ragamar wasu ta tsayar da turmi da wuri, asarar da za ta kai 12 ta tsaya a 4. Saboda haka mai zane mai wayo takan tsaya a gaban katangar hamayya, inda hannu zai iya kaiwa. Akwai kuma tsallaken kwana, wanda ya fi komai tayar da 'yan kallo: mai tauraro ta daka tsalle ta kan kusurwar ciki ta da'ira, ta wuce mutane tana sama, in ta dira a cikin fage da ƙafafunta an ba ta makinsu. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma mai rubutu ya tambayi kansa wace ce ta bar layin ciki a buɗe, da abin da ya ɗauke mata hankali.

Salon nan na rage gudun gungu da muka gani a baya bai samu karɓuwa cikin sauƙi ba. Wajen 2009, lokacin da Denver Roller Dolls suka shahara da shi, 'yan kallo sun sha yi musu ihun ƙi, suna ganin an kashe musu wasa. A wancan zamani usur biyu ake busawa: na farko ya saki masu tarewa, na biyu ya saki masu tauraro bayan gungu ya ƙetare layin gaba. Ƙungiyar da ke son cinye lokaci sai ta ƙi ƙetare layin, har a gasannin 2011 aka ga turmin da minti biyunsa suka ƙare ba a saki masu tauraro ba. Masu son a fara nan take kuma suka riƙa durƙusawa a kan gwiwa kafin usur, don a ce babu gungu a saki masu tauraro. Dokokin 2013 suka mayar da usur ɗaya ga kowa, suka kuma soke tara ƙananan laifuka. A 2014 aka rage zaman horo daga minti guda zuwa daƙiƙa 30, domin a da laifi guda na mai tauraro yana iya jawo asarar maki 20 ko fiye, ya rushe aikin rabin awa. A 2019 aka soke maki na biyar da ake samu idan mai tauraro ta zagaye takwararta. A ganina waɗanda aka yi wa ihun nan sun yi wa wasan alheri. Sun karanta doka fiye da kowa, sun nuna inda take da rami, aka cike ramin, abin da suka gano game da riƙe gungu kuma ya zama karatun farko na kowace ƙungiya. Wannan tarihin yana da amfani ga mai rubutu ta wata fuskar: makin 2010 da na yau ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba, kada a jera su kamar abu guda.

Saura agogo. Agogo biyu ne ke tafiya, na turmi da na rabin wasa, kuma na biyun ba ya tsayawa a daƙiƙa 30 ɗin da ke tsakanin turmi da turmi. Idan lokaci ya cika ana tsakiyar turmi, sai an kai ƙarshensa. Idan kuwa turmi ya ƙare saura ƙasa da daƙiƙa 30, ba za a sake wani ba, sai fa in wata ƙungiya ta tsayar da agogo. Kowace ƙungiya tana da hutun neman shawara uku a wasa, da damar neman alƙalai su sake duba hukunci sau ɗaya a kowane rabi. Ƙungiyar da ke gaba da maki, in ta samu ragama a mintunan ƙarshe, ba ta gaggawar tsayar da turmi, mai tauraronta tana iya rage gudu tana kallon agogo, ta bubbuga ƙugu daidai lokacin da ba sauran damar wani. Wadda ke baya kuwa, in ta ɓarnatar da hutunta tun da wuri, sai ta tsaya tana kallon daƙiƙoƙi suna zubewa ba ta da abin tare su. Kocin da ya adana hutu guda har minti na 59 ya saya wa ƙungiyarsa turmi guda, kuma a wasan da maki biyu ke rabawa wannan ya isa labari.

Duk wannan yana nuna yadda ya kamata a zauna a bakin fage da littafin rubutu. Kowane turmi a ba shi layi guda: lambarsa, masu tauraro biyu, wadda ta samu ragama, makin da aka tashi da shi, waɗanda ke kujerar horo, da abin da agogo ke nunawa. A gefe kuma a rubuta lambobin masu tarewa huɗu na kowane ɓangare, domin ƙungiya tana zuwa da mutum har 15, tana juya su rukuni-rukuni, kuma bayan turmi goma za ka fara ganin rukunin da ba a cin maki a kansa. Ma'aikatan wasa suna cike takardun ƙididdiga masu ɗauke da wannan duka, ana iya neman su bayan an tashi, amma takarda ba za ta gaya maka cewa madogarar katanga ta fara gajiya tun tsakiyar rabi na biyu ba, ko cewa an sauya wadda ke tsaron layin ciki bayan an tsallake ta sau biyu. Wannan sai ido. Idan aka zo rubutawa, a nemi wurin da wasan ya juya, wanda sau da yawa yana can baya, a wani turmi da aka tashi 0 da 0 bayan katanga mai mutum biyu ta riƙe gwanar wasu har 'yan uwansu suka fito daga horo.

Akwai kuma abin da nake roƙon a rage. Shekara da shekaru jaridu suna ba da labarin wannan wasa ta hanya guda: ga malamar asibiti ko malamar makaranta da rana, ga ta da dare da sunan barkwanci da fenti a fuska tana ture mutane. Sunayen fage gaskiya ne, al'adar wasan ce, kuma da su aka san manyan gwanaye irin su Bonnie Thunders da Scald Eagle. Kofin zakarun ma, Hydra, sunan fagen ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Texas Rollergirls ne, shugabar WFTDA ta farko. Amma rahoton da ya ƙare a kan sutura da tabon faɗuwa ya rage wa mutanen da suka shafe shekaru suna atisaye, suna biyan kuɗin zaure da na tafiya daga aljihunsu, haƙƙinsu na a ɗauke su 'yan wasa. Haka alƙalai, waɗanda kan kai bakwai a kan taya a wasa guda, ban da masu riƙe agogo da masu rubuta laifi, kusan dukkansu 'yan sa-kai. Hukuncinsu na cewa akwai gungu ko babu yana cikin labarin wasan, ya cancanci a bayyana shi yadda mai karatu zai gane.

Masu karatun ma sun yawaita, domin wasan ya daɗe da ƙetare Amurka. Gasar cin kofin duniya ta farko, a Toronto ta Kanada a watan Disamban 2011, ƙasashe 13 ne suka halarta. A Dallas a 2014 ƙungiyoyi 30 ne, har da ta Afirka ta Kudu, a Manchester ta Ingila a 2018 kuma 38. A Alƙahira an kafa CaiRollers a 2012. Maza da yara ma suna da nasu ƙungiyoyin. A 2017 kofin Hydra ya bar Amurka karon farko, lokacin da Victorian Roller Derby League ta Melbourne a Ostareliya ta doke Rose City a Philadelphia da 180 da 101. A lura da lamba ta biyun. Ƙungiyar da ta ci 206 da 188 a wasannin ƙarshe biyu da suka gabata, an tsayar da ita a 101, kuma katangar 'yan Melbourne ce ta yi wannan aiki.

Saboda haka, mai karatu, in ka samu bidiyon cikakken wasa, WFTDA tana da su da yawa a YouTube, ka kalli turmi biyar na farko yadda ranka ke so. Daga na shida ka ɗauke ido daga tauraro, ka zaɓi mai tarewa guda, ka bi ta har a busa usur huɗu: inda ta tsaya, wadda ta kalla, lokacin da ta bar katanga da dalilin barinta. In kuma rahoto za ka rubuta, ka nemi sunayen mutum huɗun nan ka sa su a sakin layi na farko.